Abin Da Tagullar Masar Ta Rasa A Hanya

A ɓangaren Masar na kowane babban gidan tarihi, ko a Landan ne ko Paris ko Balin ko Alƙahira kanta, akwai wani akwatin gilashi da 'yan kallo ba su cika tsayawa a gabansa ba. Hankalin kowa na wajen gawawwakin da aka naɗe da ƙyalle, da manyan duwatsun da aka sassaƙa da kamannin fir'aunoni. Shi kuwa wannan akwati 'yan ƙananan gumaka ne na tagulla a cikinsa, an jera su sahu-sahu, wani bai wuce tsawon yatsa ba, wani ya kai taƙi, ƙalilan ne suka kai kamu guda. Daɗewa a ƙasa ta rine su, wasu kore, wasu baƙi-baƙi.

Matsa kusa ka dubi ɗaya. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne Osiris, wanda Misirawan dauri suka ɗauka shi ne sarkin matattu. Yana tsaye ƙafafu a haɗe, jikinsa a naɗe tamkar gawa, hannuwa biyu a ƙirji, ɗaya riƙe da 'yar sanda mai lanƙwasasshen kai, ɗayan da bulala. Doguwar hula ce a kansa, gashin jimina dama da hagu, ɗan maciji ya fasa kai a goshi. A ƙarƙashin ƙafafunsa akwai wani ɗan tsini da aka zuba tare da jikin, shi ake cusawa cikin katako ko dutse don ya tsayu. Kusa da shi ga Isis a zaune, ta ɗora jaririnta Horus a cinya tana ba shi mama. Ga Bastet, jiki na mace kai na kyanwa. Ga bijimin Apis da faifan rana tsakanin ƙahoninsa.

Yanzu sauke ido kan 'yar takardar da aka ajiye a gindinsa. Za ka ga sunansa, ka ga an ce tagulla ce, ka ga an ce an yi shi tsakanin shekarar 664 da ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wajen da ya kamata a rubuta inda aka samo shi kuwa, sau da yawa kalma ɗaya ce tak: Masar. Ƙasar da tsawonta a gaɓar Nilu ya zarce kilomita 1,000, zamanin da faɗinsa ya haura shekara 300. Kamar a ɗauko takobi ne a ce maka na ƙasar Hausa ne, an ƙera shi a wani lokaci tsakanin sarautar Muhammadu Rumfa da Jihadin Shehu. An yi maka bayani, amma ba a gaya maka komai ba. Wannan 'yar takarda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin rashin da ke cikinta mu ma muna tafka irinsa a yau, ido buɗe.

Na san abin da ke ran mai karatu, don haka bari in kawar da shi tun yanzu. Gumaka ne, babu musu, kuma don bauta aka yi su. Sai dai addinin da ya haife su ya riga ya mutu tun kafin Amru bin As ya shigar da Musulunci Masar a wajen shekarar 641. Babu mai durƙusa musu a yau. Abin da ya rage a jikinsu shaida ce kan mutanen da suka shuɗe: sunayensu, sana'arsu, fataucinsu, abin da suke tsoro da abin da suke fata. Malaman Musulunci na da can sun san bambancin ajiye abu don shaida da girmama shi don bauta. Abdullaɗif al-Bagadadi, malami kuma likita da ya zauna a Alƙahira a wajen shekarar 1200, ya yi rubutu kan gine-gine da sassaƙe-sassaƙen Misirawan dauri, ya yaba gwanintar da ke cikinsu, kuma ya yi kakkausan suka ga masu farfasa su don neman dukiyar da suke zaton an ɓoye a ciki.

Yadda ake yin su ba baƙon abu ba ne a Afirka, domin da irin dabarar aka yi tagullar Igbo-Ukwu da Ife da Binin. Maƙeri zai fara siffanta abin da kakin zuma, har da idanu da zanen tufafi. Ya shafe shi da yumɓu mai laushi, ya ƙara wani mai kauri a kai, ya bar 'yar kafa. In ya bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin wannan gurbi ake ɗura narkakken ƙarfe. In ya huce a fasa yumɓun, a goge, a gyara. Ƙananan akan zuba su cike, manyan kuwa akan sa musu cikin yumɓu a tsakiya, a tokare shi da 'yan ƙusoshi, don a rage cin ƙarfe. Jan ƙarfe ne da kuza, amma a zamanin baya-baya sun riƙa ƙara darma da yawa, saboda tana sa narkakken ƙarfe ya bi kowane lungu na gurbin, ga ta kuma da araha. Mai hali yakan sa a cusa wa nasa zinariya ko azurfa a ido da wuya. A imaninsu naman allolinsu zinariya ne, ƙasusuwansu azurfa, shi ya sa ƙarfe mai ƙyalli ya fi musu komai dacewa da wannan aiki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu ba da su. A ƙarnonin farko irin wannan kyauta ga ɗakin bauta kusan ta sarakuna ce da manyan fada. Amma daga wajen ƙarni na 7 kafin Miladiyya abin ya yaɗu, har maƙera suka koma fitar da siffar kakin daga mazubi guda, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu buga bulo. A gindin da yawa daga cikinsu akwai ɗan rubutu, roƙo ne cewa abin bautar ya ba wane ɗan wane, wanda wance ta haifa, rai da lafiya da tsawon kwana da kyakkyawan tsufa. Ka ga mutum da sunansa da na ubansa da na uwarsa, bayan shekara 2,500. Wasu ma ba Misirawa ba ne. An sami waɗanda rubutunsu da Girkanci ne, ko harshen Finiƙiyawa, ko na Kariyawa, mutanen da suka zo aikin soja daga yankin da yake Turkiyya a yau. An kuma tono irin waɗannan tagulla na Masar a ɗakin bautar Hera da ke tsibirin Samos na Girka. Ashe kowane ɗaya takarda ce mai zaman kanta. In an san ɗakin bautar da ya fito, da abin da ke kwance kusa da shi, ana iya gane wa ke zuwa ina, wane gida ya riƙe wace sarauta, wane maƙeri ya yi wa wane gari aiki. In aka raba shi da raminsa ba a rubuta ba, rabin takardar ya yage.

Ga yadda ta riƙa yagewa. A ƙarshen shekarar 1903 wani Bafaranshe mai suna Georges Legrain, ma'aikacin hukumar kayan tarihi ta Masar, yana aikin gyara a haikalin Karnak da ke Luksor, sai ya faɗa kan wani rami a farfajiyar da ke gaban ƙofa ta bakwai. Masu hidimar haikalin ne suka haƙa shi tun zamanin da, lokacin da kyaututtukan jama'a suka cika musu wuri. Ba su yarda su zubar ko su narkar ba, sai suka binne su a cikin harabar. Legrain ya yi ta tono har 1907. Ramin ya zarce mita goma, ruwan ƙasa na ɓuɓɓugowa, ana kwarfe shi da jigo irin na masu lambu, leburori na lalube cikin taɓo. Shi da kansa ya kamanta aikin da kamun kifi. Abin da ya fito ya ba duniya mamaki: mutum-mutumin dutse sama da 700, da kayan tagulla kimanin 17,000.

Dubu goma sha bakwai, daga rami ɗaya, a haikali ɗaya, a hannun ma'aikacin gwamnati ba ɓarawo ba. Da an rubuta kowanne da lambarsa da hotonsa, da yau an sami ma'aunin da za a gwada duk sauran tagullar Masar da shi. Amma ido ya tafi kan manyan duwatsu masu sunayen sarakuna. 'Yan tagullar nan, da yawansu Osiris ne masu kama da juna, ruwa ya ci su, tsatsa ta lulluɓe su, sai aka ɗauke su ƙananan kaya. Wasu abubuwan ramin sun sulale zuwa hannun dillalai. Gidan tarihin Alƙahira kansa a lokacin yana da ɗakin sayarwa, inda ake sayar wa baƙi da gidajen tarihin ƙetare abin da aka ga akwai irinsa da yawa, kuma ɗakin bai rufe ba sai a shekarun 1970. Legrain ya mutu a 1917, littafin da ya riƙa rubuta lambobin kayan a ciki kuma ba a sake ganinsa ba. Sai a 2006 cibiyar binciken Faransa da ke Alƙahira tare da hukumar Masar suka shiga bin sawu, suna haɗa tsofaffin hotuna da rajistoci don gano abin da ya fito daga ramin da inda ya ƙare. Sun yi nasara sosai a kan duwatsun. Tagullar kuwa, ƙalilan ne a yau za a iya nunawa a ce wannan daga ramin Karnak yake. Wannan asara ta fi ci mini rai fiye da sata, domin babu mugun nufi a cikinta. Raini ne kawai, rainin ƙaramin abu.

Shahara ma ba ta tsirar da abu daga wannan. A Gidan Tarihin Birtaniya akwai wata kyanwar tagulla da hotonta ya zaga duniya, tsayinta santimita 42, tana zaune a miƙe, 'yan kunne na zinariya, zobe a hanci, laya ta azurfa a ƙirji. Wani hafsan sojan Birtaniya, Manjo Gayer-Anderson, ya saye ta a hannun dillali a Alƙahira, ya ba gidan tarihin a 1939, har yau da sunansa ake kiranta. Sunan Bamisiren da ya biya aka ƙera ta kuwa ya tafi tare da gindin da take kai. Ana kyautata zaton daga Saƙƙara ta fito, zato kawai. Da aka ɗauke ta hoto da na'ura irin ta hoton ƙashi, sai aka ga a tsattsage take, Manjon ne ya ɗinke ta, ya tokare kan daga ciki, ya shafe ta da koren launi. Kenan hatta fatar da 'yan kallo ke sha'awa ba duka ce ta Misirawa ba.

Haka ɗan gunkin Amun na gidan tarihin Metropolitan da ke New York, zinariya tsantsa, santimita 17.5, nauyinsa ya kusa kilo guda. Ta hannun mai tonon kayan tarihi Howard Carter ya shiga tarin Lord Carnarvon, daga nan gidan tarihin ya saye shi a 1926. Da farko an danganta shi da zamanin Fir'auna Thutmose na Uku. Daga baya masana suka dubi salon ƙirar suka matso da shi gaba da kusan shekara 500. Abin da ƙasar da ya kwanta a ciki za ta iya warwarewa, ya zama abin muhawara, don babu wanda ya tsaya a bakin ramin da alƙalami.

A kwatanta da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen yumɓu marasa kyan gani da Elmar Edel na Jami'ar Bonn ya tono a 1969 a wata kushewa da ke Ƙubbatul Hawa, hayin Aswan. Mazuban tagulla ne da ba a fasa ba, abin da ba a cika samu ba, tunda sai an fasa mazubi ake fitar da abin da ke ciki. Babu dillalin da zai ba da ko sisi a kansu. Amma an rubuta inda suka fito, an ba su lamba, an adana su. Bayan shekara arba'in da wani abu aka sa su a na'urar da ke leƙa cikin abu ba tare da an fasa shi ba. Sai ga 'yan Osiris da yawa a jere cikin mazubi guda, ga hanyoyin da ƙarfe zai bi, har ga karyayyun tsofaffin gumaka da maƙerin ya cike musu ɓangaren da ya ɓata da kaki, yana ƙoƙarin haɗa sabon ƙarfe da tsoho. A ganina waɗannan dunƙulen laka sun koyar da duniya sana'ar maƙerin Masar fiye da akwati goma na gumakan da ba a san asalinsu ba.

Masar ta koyi darasin, amma da tsada. Tun 1835 Muhammadu Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ya hana fitar da kayan tarihi, hanin bai yi tasiri ba. Sai dokar da ta fito a 1983, mai lamba 117, ta mayar da duk kayan tarihi mallakin ƙasa, ta kuma soke cinikinsu. Yau in aka yi tono, kamar na Saƙƙara da aka sanar a watan Mayun 2022, inda aka sami gumakan tagulla 150 tare da akwatunan gawa 250, hukuma ce ke tsaye, kayan kuma a ƙasar suke zama.

Shiga gidan tarihi ma ba shi ne ƙarshen hatsari ba. A watan Agustan 2013, cikin rikicin siyasar da ya biyo bayan kifar da gwamnatin Shugaba Mursi, aka fasa gidan tarihin Mallawi da ke lardin Minya, aka kwashe abubuwa sama da 1,000, kusan duk abin da ke ciki. Abin da ya taimaka aka dawo da ɗaruruwa shi ne akwai jerinsu da hotunansu, aka baza wa duniya, har gidan ya sake buɗewa a 2016. Shi kuwa Gidan Tarihin Birtaniya, duk da sunansa, a 2023 ya amsa cewa abubuwa kimanin 2,000 sun ɓata ko sun lalace a ma'ajiyarsa, da yawansu ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba, abin da ya sa ko tantance abin da ya ɓata ya zama aiki. Ƙarfe kuma yana da wani maƙiyi da yumɓu da dutse ba su da shi, wato wuta. A watan Satumban 2025 aka sace wani warwaron zinariya na Fir'auna Amenemope daga ɗakin gyaran kaya na gidan tarihin Alƙahira. Kafin a kama waɗanda ake zargi, an sayar da shi a kan kuɗi kimanin dalar Amurka 4,000, an narkar. Abin da ya shekara 3,000 ya ƙare a kaskon maƙerin zinariya cikin 'yan kwanaki.

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu a yau muna tsaye ne a inda Masar take a ƙarni na 19. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, da waɗanda kasuwar Turai ke kira na Sakkwato da na Katsina, da na Bura a Nijar, duk suna cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000. A Kwatarkwashi an yi ta tono a shekarun 1990, kaya suka fita buhu-buhu, babu rubutu. Masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 sun tarar masu tonon sayarwa sun riga su zuwa wurare da dama. Ko da an dawo mana da waɗannan kaya gobe, kuma ya kamata a dawo da su, za su dawo ne da irin waccan 'yar takarda mai kalma ɗaya.

Mun kuma ga amfanin yin abu a kan ƙa'ida a cikin gidanmu. A Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Katsina, an tona wasu kusheyin manya a 1992 da sanin hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara aka bincika. An sami mundaye na ƙarfe da na hauren giwa, da wuri, da duwatsun wuya, da kayan ado na zinariya, da wata tasar ƙarfe da masana suka ce daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya ta zo. Domin an san kabarin da kowanne ya fito da abin da ke tare da shi, sai suka zama hujja cewa shekara 500 zuwa 700 da suka wuce manyan ƙasar Hausa na da hulɗar fatauci da duniya mai nisa. Da a hannun dillali tasar nan ta ɓulla, da babu wanda zai yarda ta taɓa kwana a Katsina.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba Bature mai dala ba ne, sikelin ɗan gwangwan ne. Tsofaffin tasoshi da mundaye da likkafu da shantula da iyayenmu suka gada suna fita daga ɗakunan tsofaffi, ana auna su da kilo, ana haɗa su da ruɓaɓɓen ƙarfen mota. Ba na zargin yaron da ke tura baro yana neman abin sawa a baki. Mu da muka san darajar abin ne ba mu tambaya ba, ba mu rubuta ba. Ma'aikatan gidajen tarihinmu kuma, ko babu kuɗin sabon gini, wayar hannu da littafin rajista sun isa a ba kowane abu lamba da hoto, a ajiye kwafi a wani wuri daban. Wannan aikin ba ya jiran kasafin kuɗi.

Kai kuma manomi, ko mai haƙar rijiya, ko mai tonon ma'adini, in fartanyarka ko digarka ta ci karo da tsohon ƙarfe ko tukunya ko mutum-mutumi, don Allah dakata. Kada ka fizge shi, kada ka goge shi da toka ko lemon tsami, domin wannan koren da ke jikinsa ɓangare ne na shaidarsa. Ɗauki hotonsa yana kwance a inda yake, ka lura da zurfin da abin da ke kewaye da shi, ka gaya wa mai unguwa ko dagaci, a sanar da gidan tarihi mafi kusa: Gidan Makama a Kano, ko na Katsina, Sakkwato, Kaduna da Jos, ko na Boubou Hama a Yamai. In kuwa a ɗakin kakarka tsohuwar tasar take, je ka zauna da ita yau tun tana da rai, ka tambaye ta wa ya ba ta, daga wane gari aka kawo ta, a auren wa ta fara shiga gidanku. Ka rubuta amsar a takarda, ka sa kwanan wata, ka ajiye ta cikin tasar.